Yaya, Ki Ba Ni Aron Ɗanki

Ɗanzomo, ranar Laraba da yamma.

Zuwa ga Yayata Gwamma, a Sabo ta Badun.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, Yaya, ni ce ƙanwarki Cima nake magana, surukarki Zuliha ce take rubutawa. Ga ta nan ta miƙe ƙafa a tabarma da biro a hannu, tana hararata wai in rage gudu. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Hamza da iyalinsa da duk wanda ya kwana a gidan. Allah Ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, Ya sa kaffara ce. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, gero ya yi, wake ne dai tsutsa ta ɗan taɓa. Zoɓo kuwa bana ko'ina ja wur, har bayan ɗakina. Rayhana autata ta sauka lafiya a Gagarawa, an samu namiji mai kunnuwan marigayi Malam mijina sak. Sha'aibu ɗana yana nan yana dillancin shanunsa a Maigatari, surutu bai ragu ba.

Kin san waya ba ta yi mana rana, ni da ke. Ina ta ihu kina ta na'am, na'am, har katin ya ƙare ba wanda ya ji wani. Shi ya sa na ce a rubuta. Manu direba zai yi lodin shanu gobe Alhamis, ya ce da hannunsa zai miƙa miki. Ki ba jikarki Ummulkhair ta karanta miki a bakin kunnen dama mai ɗan ji, kada ki ba Hamza, zancen na mata ne. Labarin ciwona kin ji shi gutsi-gutsi, yau zan ba ki shi ɗungurungum. A ƙarshe kuma akwai abin da zan roƙe ki, don haka kada ki bari barci ya sace ki kafin a zo wurin.

Sai na fara da ɗanki da kika goya mini, don labarin nasa ne. Kin tuna ranar da kika zo daga Maigatari da sabon zanen goyo, ranar yayensa? Ke kika shafa mini maɗaci, kika saɓa shi a baya yana ta tsala kuka, ni kuwa ina ɗaki na juya fuska bango, wai kar a ce na damu da ɗan fari. To tun daga ranar haka muke. Ban taɓa kama sunansa ba, Na-Yaya nake ce masa. Ke yake kira Iya, ni kuwa ba ni da suna a bakinsa, sai masu ɗakin nan. Ko da Malam ya rasu, ku kun koma Badun, shi ya dawo ya riƙe gidan ubansa, ba abin da ya sake. Da safe zai zo ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce wa matarsa Zuliha a gai da masu ɗakin nan. Ni kuma in ce wa Zuliha a ce masa mun tashi lafiya. In Zuliha ba ta kusa, duk wanda ya gilma shi ne manzo, har 'yarsa Hidaya tun ba ta iya magana sosai ba ta sha kai saƙo tsakanina da ubanta, alhali ina jin numfashinsa yana jin nawa. Haka muka ga iyayenmu suna yi, ban taɓa ganin aibunsa ba.

Abin ya faro ne bara waccan, lokacin girbi. Ina wanka na ji wani ɗan ƙullutu a maman hagu, bai wuce ƙwallon magarya ba. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Na ce abin da ba ya ciwo ai ba ciwo ba ne, na bar shi. Kafin sanyi ya wuce ya zama kamar aduwa. Na gaya wa Rayhana a asirce, ita kuma kin santa, bakinta rariya ne, ta gaya wa Sha'aibu. Sai ga shi ya zo mini da wani baƙin gari daga wurin wani mai magani da ke zuwa kasuwa daga Dungas, wai a kwaɓa da man shanu a riƙa shafawa. Mutumin ya yi kashedi, ya ce in ciwon daji ne to ba ya son ƙarfe, ko allura ta taɓa shi zai fusata ya bazu. Ai mu ma da wannan muka tashi. Na yi ta shafawa har fatar wurin ta saɓule, ƙullutun kuwa yana nan daram. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Zuliha ta zo wanke mini kaya ta ga tabo a rigata. Ta shigo ta rufe ƙofa, ta ce ko in nuna mata ko ta kwana a nan. Na nuna mata. Ban ankara ba magana ta kai kunnen mijinta.

Da magariba sai ga shi a bakin ƙofa. Ya ce a gaya wa masu ɗakin nan gobe za a je asibitin Gumel. Na ce a gaya masa lafiyata ƙalau, ko dawa ya kawo zan surfa. Ya ce a gaya musu an riga an yi magana da mai mota. Ke kika rene shi, kin san in ya yi ƙasa da murya haka to ya gama magana. A Gumel wata ma'aikaciya ta duba ni, ta yi ta latsa har hammata, ta ce wannan sai Kano. A Kano suka haska ni ta ko'ina, suka kuma sa allura suka ciro ɗan nama za su auna. Da allurar ta shiga na ce shi ke nan, ƙarfe ya taɓa, Cima sai ki fara neman gafara. Muka dawo gida muka jira. Ni kullum ina lalubawa in ji ko ya fusata, shi kuwa ƙullutu ko a jikinsa.

Ranar da muka koma karɓar sakamako, nan ne abin dariya ya faru, har yanzu in na tuna sai na riƙe ciki. Aka ce mutum ɗaya zai shiga da ni wurin likita. Zuliha ga goyo yana kuka, dole ta tsaya waje, aka tura ni ciki ni da ɗanki. Likitar mace ce, yarinya, ba za ta girmi Rayhana ba, ga natsuwa. Ta ba mu kujeru biyu manne da juna. Na janye tawa na kalli taga, shi ya janye tasa ya kalli ƙofa. Ta yi mana bayani dalla-dalla da Hausa, ta ce sankarar mama ce, abin da muke kira daji. Ta ce Allah Ya taimaka bai kai huhu ko ƙashi ba, sai 'yan kaluluwa a hammata. Shawararta a cire maman gaba ɗaya, bayan an warke a riƙa zuwa ana ƙara mini ruwa mai magani don ya kashe abin da ido bai gani ba. Ta ce amma jikina ne, ba wanda zai taɓa ni sai na yarda. Ni kuwa ba Zuliha, ba Hidaya, wa zan aika? Sai na ce wa likita ta gaya wa wancan ba za a yanka ni ba. Shi kuma ya ce wa likita don Allah ta gaya wa masu ɗakin nan su yi haƙuri su saurara. Baiwar Allah ta kalle ni ta kalle shi, ta ce wane ɗaki, ai ɗakin nata ne. Ta tambaya ko faɗa muke, ko kuwa surukina ne. Da ya ce mata ɗan fari ne, sai ta ajiye biro ta yi ta dariya, ta ce haka kakarta take yi da babanta. Wallahi Yaya, ta karɓi aikin, ta yi ta kai saƙo tana kawowa har muka tashi. Amma ban sauka daga kan bakana ba.

Da muka dawo gida sai gida ya rabu biyu. Sha'aibu ya ce ba mai kai masa uwa mahauta, ga Ladiyo maƙwabciyarmu nan da aka yanka, ko damina ba ta gani ba. Rayhana in tana wurin Sha'aibu ta yi kuka ta ce gaskiyarsa, in ta zo wurin Zuliha ta yi kuka ta ce gaskiyarta. Ni kuma ban da tsoron ƙarfe akwai abin da ke cina. Na ce yadda Allah Ya ba ni jikina haka nake so in mayar maSa, kada masu yi mini wanka su buɗe su ga rabin mutum. Ɗanki bai yi musu da kowa ba. Ya tafi wurin Liman ya yi tambaya, ya aiko Zuliha ta ce mini Liman ya ce neman magani ba saɓo ba ne, abin da aka cire don lalura a binne shi kawai, Wanda Ya halicce shi Ya san inda yake. Ya sake aiko ta, wai ya tambayi likita zancen Ladiyo, ta ce irin waɗannan sai ciwo ya fashe ya gama cin jiki ake kawo su, ba wuƙar ce ta kashe su ba, daɗewar ce. Na ce na ji, a ce masa an gode.

Sai ya ɓace mana. Kullum ya hau babur da sassafe, ba ya dawowa sai rana ta faɗi, jikinsa duk ƙaiƙayi da ƙarangiya. Ashe a asibiti wata ta gaya masa akwai wata Bafulatana ta wajen Gagarawa da aka yi wa aikin tun da daɗewa, shi ne yake bin rugage yana cigiya. Wata rana da hantsi sai ga shi ya goyo ta a babur, da ƙwaryar nononta da faifai da komai. Cindo sunanta, doguwa, baki kamar rediyo. Ta shigo ta ce ina tsohuwar da ke tsoron wuƙa, sai ka ce ba ita ce ke fafe ƙwarya ba. Ta kori kowa, ta sakaya ƙofa, ta ɗaga riga ta nuna mini. Tabo ne kawai shafe, kamar an ja layi a ƙasa. Ta kama hannuna ta ɗora a wurin ta ce in taɓa, ba ya cizo. Ta ce tun bayan aikin ta aurar da 'ya'ya, ta bi shanu har cikin Nijar ta dawo, kuma mijinta har yau bai daina cin tuwonta ba. Ta dama mini fura da hannunta, ta ƙi karɓar komai, ta ce bashi ne, sai na warke in kai mata kuka da daddawa. Gani ya kori ji, Yaya, kuma da na gaba ake gane zurfin ruwa. Tsoron ƙarfen ya ragu ƙwarai.

Amma da ta tafi na ce wa Zuliha, ita Cindo da sauran ƙuruciyarta aka yi mata, tana da 'ya'ya ƙanana a gaba. Ni fa? Na aurar, na ga jikoki, Malam ya tafi ya bar ni. Me ya rage mini da za a yi ta wahalar da yara, a bar gona a bar kasuwa ana jigila da ni Kano? Ba wanda yake bina komai a duniyar nan. A bar ni in ƙarasa a ɗakina cikin rufin asiri. Na faɗa ne don ta kai masa, ta kuwa kai.

Washegari bayan azahar gidan ya yi tsit. Zuliha ta tafi barka, yara suna Islamiyya. Ina zaune bakin gado ina tsinke zogale sai na ji sallamarsa. Na amsa ƙasa-ƙasa, na ce ba kowa a gidan, ma'ana ya tafi ya dawo. Sai na ji ya tuɓe takalmi. Yaya, mutumin nan da furfura a gemunsa bai taɓa tsallake dokin ƙofata ba, ranar ya shigo har tsakar ɗaki ya zauna a ƙasa. Na ja mayafi na rufe kai na juya bango. Can sai ya ce, Inna. Da na ji kalmar nan a bakinsa sai zogalen ya zube. Ya ce ya ji an ce ba wanda yake bina komai, to shi yana bina. Ya ce maman da nake ƙyashin a cire, shi ya fara shan sa, kuma ya yafe, a cire, ba shi yake nema ba. Ya ce Sha'aibu da Rayhana sun samu uwa sun ƙoshi, sun hau cinya, sun ci a kwano ɗaya da ni, an zage su an lallashe su. Shi kuwa daga bakin ƙofa yake hango nasa rabon, yana cewa wata rana, in tsufa ya zo kunya ta ragu. To ga tsufan ya zo, kuma ina shirin tafiya da rabonsa. Ya ce Iya ta yi masa komai, ba shi da bakin gode miki, amma bai taɓa jin yadda muryata take ba in da shi nake.

Ni kuwa hawaye har cikin kunne, baki ya ƙi buɗuwa. Shekaru da shekaru harshe bai saba ba, ba rana ɗaya zai miƙe ba. Na duba hagu na duba dama, ba manzo. Sai kazata mai wake-wake da ke kwanci a ƙarƙashin gado. Na sunkuya na ce mata, ke, gaya masa na yarda, a kai ni. Sai na ji ya fashe da dariya yana jan hanci, ya ce wa kazar ta ce an gode, Allah Ya saka da alheri. Har yau an hana yanka kazar nan, Hidaya tana ce mata 'yar aike.

Ranar aiki da kaina na dangwala yatsa a takardarsu. Sha'aibu ya zo yana ta kumbure-kumbure, amma da aka ce ana son jini shi ya fara naɗe hannun riga. Tun da aka ƙara mini jininsa ba na sayen ko albasa sai na yi ciniki, Zuliha ta ce dillanci ya shige ni. Aka sa mini allurar barci, ban san inda kaina yake ba sai farkawa na yi na ji ƙirji a ɗaure. To a nan ne aka yi mini sharri. Ma'aikatan ɗakin suka ce wai da maganin barcin yana sakina, na yi ta ƙwala kiran sunan ɗanki, sunansa na yanka, har ya jiyo daga baranda ya shigo da gudu ba takalmi. Na ce ƙarya ne, ni ban yi ba, in ma an yi to allurarsu ce ta yi. Rayhana ta ce da kunnenta ta ji. Shi kuwa an ce ranar duk wanda ya gamu da shi a asibitin sai ya saya masa lemo.

Ba zan ɓoye miki ba, ƙarin ruwan nan ya fi yankan wuya. Duk zuwa sai na yi kwanaki ina amai, abinci ya koma kamar toka a baki, tafin hannuna ya yi baƙi. Gashi kuwa ya zube tas, kai kamar ƙoƙo. Hidaya ta ce in ta rasa madubi sai ta zo ta duba fuskarta a kaina, na ce ta bari in warke, ni da ita ne. Kakar zoɓo ta zo, lokacin da ɗanki yake samun na shekara, ya danƙa wa yaransa awo ya ce shi yana da aiki. Shi ke kai ni shi ke dawo da ni. Ya sa ni gaban mota, in amai ya taso ya sa direba ya tsaya, shi ke riƙe roba, shi ke zuba mini ruwa. Akwai lokacin da na gaji na ce na fasa sauran, ya isa haka. Bai yi mini faɗa ba. Ya koma wurin likita ta sake mini maganin amai, ya dawo ya dama kunun tsamiya ya kawo kwano ɗaya da ludayi biyu, ya zauna ya ce shi ma ba zai sa komai a baki ba sai na sa. Na ce wa Zuliha ta gaya masa ya daina shirme. Zuliha ta ce ita ta yi murabus, ga shi ga ni. Haka na ɗauki ludayi. Ranar na fara cin abinci a gabansa, kuma ban mutu ba, ƙasa ma ba ta tsage ba.

Hannun hagun da ya ƙi ɗaguwa, sun koya mini in riƙa hawa bango da yatsu kamar ƙadangare. Shi ya zana mini alama da gawayi a jikin ɗakina, duk sanda na wuce ta sai ya ƙara ta sama. Yanzu ina kaiwa har inda nake rataye faifai. Zuliha ta ɗinka mini 'yar matashiya ta cusa mata audugar rimi, ina sa ta a cikin riga, wanda bai sani ba ba zai sani ba. Sau ɗaya ta faɗo a gidan suna ina sunkuyar alwala, na ɗauka na ce abin tsire allura ne. Gashi ya fito sabo, fari fat mai laushi kamar na ɗan rago. Zuwanmu na ƙarshen nan likita ta duba ni sama da ƙasa, ta ce yanzu dai ba ta ga komai ba. Ba ta ce an rabu ba, ta ce in riƙa shan wata ƙwaya kullum, in riƙa zuwa ana dubawa, sauran na Allah ne. Ta tambaya ko har yanzu muna bukatar tafinta, na ce a'a 'yar nan, mun sallame ki. Na kai wa Cindo kukarta da daddawarta har ruga, muka wuni. Ki gaya wa Ummulkhair da matar Hamza, duk wadda ta ji wani ƙullutu kada ta yi irin tawa, ta faɗa tun yana ƙwallon magarya.

Yanzu muna magana da shi, Yaya, baki da baki. Ba da yawa ba, kuma har yanzu idona yana kan tabarma. Da yamma yakan shigo ya ba ni labarin kasuwa, ni kuma in ba shi labarin ubansa yana saurayi. Ashe ɗanki akwai ban dariya, ban sani ba. Ashe ba ya son kuɓewa, duk shekarun nan ina aika masa miyarta yana shanyewa. Abu ɗaya ne ya rage, shi ne roƙon da na ce zan yi. Ke kika goye shi, ke kika kwana a kansa ranar ƙyanda, ke kika kai shi makaranta, ke kika yi masa aure. Ni haihuwa kawai na yi. Ba zan shiga gonarki ba sallama ba. Ki ba ni aron ɗanki, Yaya, na 'yan kwanakin da Allah Ya ƙara mini. Naki ne, ba ƙwace zan yi ba, in kin zo da Babbar Sallah kamar yadda kika yi alkawari zan miƙa miki shi lafiya lau. Na san abin da za ki ce, za ki ce dama can wauta ce irin tawa. Amma ina so in ji daga bakinki, ki aiko Manu da amsa.

Ki gai da Hamza da matarsa, da Abdulbaqi in ya dawo daga Legas, da Ummulkhair mai karatu, Allah Ya ba ta miji na gari mai haƙuri da surutu. Sha'aibu da Rayhana da Hidaya duk suna gaishe ki. Ga kuka da daddawa da busasshen zoɓo nan a hannun Manu, ki duba da kyau, ƙullin uku ne, kada ya ce miki biyu.

Saura abu guda. Tunda an ce na faɗa cikin maye, to gara in faɗa idona biyu, a kuma sa a takarda kowa ya huta. Zuliha, daina rufe fuska, na san ke ma ba kya kama sunan, ai ba ke kika faɗa ba, ni na faɗa, ke rubutu kawai za ki yi. Rubuta, ɗanki yana gaishe ki. Ɗanmu. Ɗalha. Ɗalha yana gaishe ki. Kin rubuta? To Alhamdu lillahi. Ashe ma ba nauyi.

Na gaji haka, bari in ɗan kishingiɗa.

Taki har kullum, ƙanwarki Cima.

Iya, ni ce Zuliha. Inna ta juya bango ta ja mayafi, amma ba barci take ba, ina ganin kafaɗarta. Baban Hidaya tun ɗazu yana bakin ƙofa yana ɗaure ƙullin da za a ba Manu, ita ba ta sani ba. Da ta faɗa, sai da ya amsa na'am. Na gaishe ki.